Itatuwan Bakin Kogi a Littafin Maƙwabtanmu

A wannan wata filin namu zai leƙa wata gona da ba mu saba shiga ba, wato abin da Kiristoci suke gani a jikin itatuwa idan suna karanta littafinsu. Na san wani zai ce, to Malam, ina ruwan Bahaushen Rufa'a ko na Maiurno da wannan? Ruwansa kuwa da yawa. Mun tsinci auduga kafaɗa da kafaɗa da mutanen Duwatsun Nuba da na Kudu a kambo-kambon Jazira, mun sari rake tare a Junaid tun da aka buɗe ma'aikatar sukari a 1962, mun kuma yi ciniki da Kibɗawa a kasuwar Madani. Can gida ma akwai Hausawa 'yan uwanmu na jini da suke wannan addini, irin mutanen Wusasa ta Zariya, inda Likita Mila ya zauna, shi ne kuma babba cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki da ya fito cikakke da Hausa a 1932. Zama da mutum shekara da shekaru ba tare da sanin abin da ke ransa ba, ai ba zaman arziki ba ne.

Bugu da ƙari, wasu daga cikin itatuwan da littafin nan ya ambata ba na Turai ba ne. Namu ne, ga su nan tsaye a bakin Bahar Azrak, muna ɗaure jakuna a gindinsu. Mutumin Ingila sai an zana masa hotonsu kafin ya gane, mu kuwa yaron da bai shiga makaranta ba ma ya san ɗanɗanon 'ya'yansu.

Bari mu fara da kurna, wadda Larabawan nan ke kira sidir, 'ya'yanta kuma nabak. Babu ɗan makarantar da bai taɓa cika aljihu da su ba, babu kuma malamin da bai taɓa ƙwace su ana tsakiyar darasi ba. To, masana tsirrai na Turai da suka zo raɗa wa kurna suna a littattafansu, sai suka kira ta da wasu kalmomi biyu na Latin da ke nufin ƙayar Almasihu. Dalili shi ne, Linjila ta ba da labari cewa sojojin Rum sun tufka rawani na ƙaya suka ɗora wa Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, don su yi masa ba'a. Linjila ba ta kama sunan itacen ba, amma tun zamanin da mutane suka ɗora wa kurna, domin tana da yawa a ƙasar Falasɗinu, reshenta yana lanƙwasuwa ba ya karyewa, ƙayarta kuma biyu-biyu take fitowa, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya mai ƙugiya. Duk wanda ya taɓa shinge gona da ita ya san zancen.

Malaman Kirista ba su tsaya a kan zafin ƙayar kaɗai ba. Sukan koma farkon littafinsu, Littafin Farawa, inda aka ce bayan Annabi Adamu ya ci daga itaciyar da aka hana shi, sai aka gaya masa ƙasa za ta riƙa tsiro masa da ƙaya da sarƙaƙƙiya, ba zai ci abinci ba sai da gumi. A wurinsu ƙaya alama ce ta wahalar da laifin ɗan Adam ya jawo wa duniya, rawanin nan kuma yana nufin Almasihu ya ɗauki wannan wahala a kansa. Har gicciyen ma a wasu wurare itace kawai littafin yake kiransa, su kuwa su ce itace ne ya fitar da mutum daga lambu, itace ne kuma ya buɗe masa hanyar komawa.

A nan hanyarmu ta rabu da tasu, kuma ba zan yi rufa-rufa ba. Alƙur'ani ya gaya mana ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba, sannan kowane rai kayansa yake ɗauka. Amma ku dubi ikon Allah. Itaciyar nan dai ita ce aka ambata mana a Suratun Najmi, a ƙarshen tafiyar Mi'iraji, wadda malamanmu na Hausa suke fassarawa da magaryar tuƙewa (magarya da kurna ai 'yan ɗaki ɗaya ne). A Suratul Waƙi'a kuma, cikin ni'imomin mutanen dama, an ambaci irinta da aka raba da ƙaya. Da ganyenta muke wanke mamatanmu. Wato mu da maƙwabtanmu duk mun tsaya a gindin itace ɗaya muna tunanin ƙarshen ɗan Adam, kowa kuma yana fatan ranar da ƙaya za ta ƙare.

Sai bagaruwa, wadda a nan ake kira sunut. A Littafin Fitowa an umurci Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya sa a yi akwatin alkawari mai tsawon kamu biyu da rabi, a dalaye shi da zinariya ciki da waje. Shi ne tabutin da Suratul Baƙara ta ambata a labarin Ɗalutu. Itacen da aka ce a yi shi da shi, da Ibrananci sunansa shitta, kuma masana harshe sun nuna cewa wannan kalma da sunut ta Larabci asalinsu ɗaya, daga tsohon harshen Misira. Wato dangin bagaruwa da dushe ne, irin waɗanda ke fitowa a kwarurrukan Sina'i. Ba a aika Lubnan neman katako mai tsada ba, abin da hamada ta bayar da shi aka yi ɗaki mafi daraja a wurin Bani Isra'ila. Masu wa'azinsu sukan ce, dubi itace mai ƙaya, karkatacce, wanda raƙumi ke ci, amma da aka sassaƙe shi aka tufatar da shi zinariya. Haka Allah yake yi da bawan da mutane suka raina. Sukan kuma jawo hankali a kan cewa itace ne mai tauri wanda ba ya saurin ruɓewa.

Wannan ta ƙarshe ba sai an gaya mana ba. Da katakon sunut ake ƙera jiragen ruwan da ke ƙetare mutane a kogin nan, da shi aka yi sagiyoyin da, kuma dazuzzukan sunut na tsakanin Sinnar da Rusairis su ne suka daɗe suna ba hukumar jirgin ƙasa katakon shimfiɗa dogo, ana yanka shi a injin Suki. 'Ya'yanta, garad, da su majemanmu ke jima kamar yadda kakanninsu suka yi a Kano da Sakkwato, da su kuma iyayenmu mata ke turara mai mura. Ga wani abin lura: bagaruwar bakin kogi takan yi watanni ƙafarta cikin ruwan cika ba ta mutu ba, in ruwa ya janye kuma ta jure wa rani.

Wannan ya kawo mu ga misalin da Kirista suka fi so, wanda 'ya'yansu ke haddacewa tun suna ƙanana. Zabura ta farko ta kwatanta mutumin kirki da itacen da aka dasa a bakin ruwa, ganyensa ba ya yanƙwanewa, yana ba da 'ya'ya a kan lokaci, mugu kuwa ta kwatanta shi da ƙaiƙayi a bakin iska. Littafin Irmiya, sura ta 17, ya ƙara faɗaɗa zancen: wanda ya dogara ga mutum kamar ɗan tsiro ne a fako, wanda ya dogara ga Ubangiji kuwa saiwarsa ta kai rafi, shekarar fari ba ta tayar masa da hankali. A lura, ba a ce fari ba zai zo ba. An ce dai in ya zo, saiwa ce za ta raba gardama. Wanda ya bi mota daga Rufa'a ya nufi gabas cikin Buɗana a watan Afrilu, ya ga yadda kore ke ƙarewa da zarar an bar kogi a baya, ba ya bukatar tafsirin wannan aya. Wanda kuma ya karanta Suratu Ibrahim zai tuna da misalin kyakkyawar kalma da kyakkyawar itaciya mai kafaffen tushe, da mummunar kalma da itaciyar da aka tumɓuke ba ta da wurin tsayawa.

Mu Hausawa ma ai tun can da itace muke auna mutum. Wanda danginsa ba sa cin moriyarsa sai bare, mu ce inuwar giginya, na nesa ka sha. Yaron da ya jawo wa gidansu magana, mu ce ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa. Larabawan nan kuma in mutum biyu ba sa ga maciji sai su kwatanta su da gawo da ruwan sama, domin gawo, wato haraz, da damina yake kakkaɓe ganye, sai rani ya yi kore. Ni dai a ganina an zalunci gawo a wannan karin magana. Itacen da ke janye inuwarsa don dawa ta sami rana, ya zuba mata taki, sannan ya ciyar da awaki a lokacin da babu ko tsinke a ƙasa, ai ba mai gaba ba ne, mai sanin ya kamata ne.

Ɓaure, wanda ake kira jummaiz, ya fito a Linjilar Luka, sura ta 19, cikin labari mai daɗi. Akwai wani shugaban masu karɓar haraji a Yariko, sunansa Zakka, attajiri amma abin ƙi ga mutanen gari, domin yana yi wa Rumawa aiki yana kuma cusa hannu a abin da ba nasa ba. Gajere ne, taro ya tare masa gani, sai ya ruga gaba ya hau ɓaure don ya hangi Annabi Isa. Wanda ya san ɓaure ya san dalilin zaɓensa: gindi kauri, rassa kuma tun daga ƙasa-ƙasa suke bazuwa, ko mai tumbi zai iya hawa. Aka kira shi da sunansa aka ce ya sauko, a gidansa za a sauka. Mutane suka yi ta gunaguni. Shi kuwa nan take ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya cuta kuma ya mayar masa ninki huɗu. Sunan nasa da Ibrananci yana nufin tsarkakakke, kuma tushensa ɗaya da zakkar da muke fitarwa, sai dai bai cancanci sunan ba sai ranar da ya sauko daga itace. Kibɗawa ma suna da wani ɓaure a unguwar Maɗariyya ta Alƙahira da suke kira itaciyar Maryam, suna cewa a inuwarsa ta huta da jaririnta sa'ad da suka gudo Masar. Wanda ke wurin ba na asalin ba ne, daga reshe ake ta sabunta shi. 'Yan uwanmu da yaƙi ya kai Alƙahira, in sun wuce ta wurin, su tuna cewa labarin uwa ce mai gudun hijira.

Amma misalin da ya fi taɓa ni, a matsayina na malamin makaranta, yana sura ta 13 ta wannan Linjila. Wani mutum yana da ɓaure a gonarsa, irin wanda Larabawa ke kira tin. Shekara uku yana zuwa neman 'ya'ya ba ya samu, sai ya ce wa mai lambu ya sare shi, yana tare wuri a banza. Mai lambu ya roƙe shi ya ƙara masa shekara ɗaya, zai yi masa kaftu ya zuba masa taki, in bai yi ba sai a sare. A nan labarin ya tsaya, ba a faɗi ko itacen ya yi 'ya'ya ba. Kirista suna karanta shi a kan haƙurin Allah da mai zunubi, da kuma cewa haƙurin yana da wa'adi.

Ni kuwa 'ya'yanmu nake gani a ciki. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya iso Madani a Disambar wannan shekara, gabashin Jazira kuma ya ga abin da ya gani a Oktobar 2024. Makarantu suka daɗe a rufe, wasu suka zama masaukin 'yan gudun hijira. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare da ya kamata su zauna jarrabawar shahada a 2023 ba su zauna ba sai ƙarshen Disambar 2024, wasu ma ba su samu zuwa ba. Yaro ya bar aji yana karanta jumla, ya dawo yana tuntuɓe a kan baƙaƙe, tsawonsa ya wuce benci, kunya ta hana shi buɗe baki. Sai uba ya duba ya ce, wannan kansa ba ya ja, gara ya bi ni hawasha ko ya tura kura a kasuwa; yarinya kuma a ce ai ta isa ɗaki. Wannan ita ce maganar mai gona, kuma ba don mugunta yake yin ta ba, lissafi yake yi, ga gida babu hatsi. Amma a lura da mai lambun nan, ba cewa ya yi a zuba ido kawai ba, aiki ya ɗaukar wa kansa. Mu malamai kaftunmu shi ne mu koma da yaro baya inda ya tsaya, ko da littafin ajinsa ya ce wani abu dabam, mu daina kunyata babba a gaban ƙanana. Iyaye kuma abin da muke roƙo shekara ɗaya ce. Mun saba cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to ɗan shekara 14 bai bushe ba tukuna.

Kada wani ya ɗauka ana cewa itace yana da wani iko na kansa. Annabawan Bani Isra'ila sun yi ta faɗa da mutanensu a kan yanka da turare a gindin manyan itatuwa. Tarihin Kano ya kawo labarin Barbushe da itacen Tsumburbura da aka kewaye da katanga kusa da Dala, kafin Musulunci ya kawar da wannan. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya sa an sare itaciyar da mutane suka riƙa zuwa salla a gindinta don suna ganin a nan aka yi mubaya'ar Hudaibiyya. Itace aya ce, ba abin bauta ba. Sai dai akwai wani abu da na lura da shi. Kakanninmu suna tsoron tsamiya da kuka, suna cewa gidan aljanu ne, wannan tsoro kuma shi ya hana gatari taɓa su. Ilmi ya zo ya kori tsoron, madalla. Amma ba mu sa komai a gurbinsa ba, alhali kuwa addini ya ba mu abin da ya fi tsoron aljani ƙarfi.

Ga shi nan. A Attaura, cikin littafin Maimaitawar Shari'a, sura ta 20, an hana mayaƙan da suka kewaye birni su sare itatuwa masu 'ya'ya, aka kafa hujja da cewa itace ba abokin gaba ba ne da za a yaƙa. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, littafin da malamanmu ke karantarwa a zaure, akwai wasiyyar Sayyidina Abubakar ga Yazidu ɗan Abu Sufyan lokacin da ya tura shi Sham, inda ya haɗa hana sare itace mai 'ya'ya da hana kashe mata da yara da tsofaffi. Abu Dawuda kuma ya ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan sare sidir, ya kuma bayyana cewa ana nufin wadda matafiya da dabbobi ke fakewa a inuwarta. Idan a tsakiyar yaƙi, a ƙasar abokin gaba, haka hukuncin yake, to ina ga itacen ƙofar gidanka?

Kowa ya ga abin da ya sami itatuwa a shekarun nan. Tukunyar gas ta ɓace, wuta ta ɗauke, ma'aikatan gandun daji suka watse, aka koma ga gawayi da itacen girki. Har dajin sunut na Khartum, wanda ke tsakiyar birni a bakin Farin Nilu, bai tsira ba. Ba zan ga laifin matar da ta sassare reshe don ta dafa wa marayu asida ba, wanda bai kwana da yunwa ba kada ya yi mata wa'azi. Wanda nake magana a kansa shi ne mai lodin buhunan gawayi a babbar mota, wanda ya sare kurna da aduwa tun daga tushe, ya mayar da wahalar jama'a jari. Mu kuma mu yi hattara, domin mu 'yan tsiraru ne a ƙasar nan, kuma kowa ya san yadda laifin mutum ɗaya yake zama na kabila idan mai laifin baƙo ake ɗaukarsa. Kakanninmu da suka biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, da waɗanda hanyar Makka ta ajiye a nan, da noma da aikin hannu suka sayi mutuncinsu. Ƙauyen da aka san shi da dashe yana da hujjar zama da ta fi takarda.

Littafin Kirista ya buɗe da lambu, ya kuma rufe da birni mai kogi a tsakiyarsa, da itacen rai a gaɓarsa, yana 'ya'ya kowane wata, ganyensa kuma na warkar da al'ummai ne. Mu kuma an hore mu cewa ko tashin kiyama ya riski mutum da dashen dabino a hannunsa, in zai iya ya dasa. Saboda haka ranar da makarantar ƙauye ta fita dashe, babu dalilin da zai hana limami da dattijon coci na kambon da ke kusa su riƙa wa yara bokiti ɗaya.

Ga mai son gwadawa, ƙwayar bagaruwa tana da taurin ɓawo. A tafasa ruwa a sauke, a zuba ta ciki ta kwana, wadda ta kumbura ita ake shukawa. Wadda aka tsinto a garken awaki ma takan tsiro da wuri, don cikin akuya ya riga ya yi aikin. Iyayenmu suna shuka ta ne a laka yayin da ruwan cika ke janyewa. Amma tun da Habasha ta fara tare ruwa a babbar madatsarta a 2020, lokacin tashin kogi da saukarsa ba ya bin tsohon lissafi sosai, don haka a bi idon ruwa, kada a bi kalanda. Kurna da aduwa ba sa bukatar bakin kogi, harabar makaranta ta ishe su, muddin an kewaye su da ƙaya shekara biyun farko saboda awaki, an kuma ɗora wa kowane aji nauyin ban ruwan itacensa har lokacin hutu.